Tekunan da Ke Ƙarƙashin Ƙanƙara

Har zuwa shekarun 1970, duk masanin da ya tashi neman inda rai zai iya zama a wajen wannan duniya tamu, da rana yake fara awo. Hujjarsa kuwa mai ƙarfi ce. Tsiro da hasken rana yake haɗa abincinsa, dabba tsiro take ci, ruwa kuma ba ya gudana sai inda zafi ya daidaita. Wurin da ya matso kusa da rana ruwansa ya ƙafe, wanda ya yi nisa nasa ya daskare. Da wannan ma'auni babu abin da za a je nema wajen Jupita, wadda malaman taurari ke kira Mushtari, balle Zuhal da ke can bayanta. Hasken da ke isa Jupita kashi ɗaya ne cikin 27 na wanda muke samu, na Zuhal kuwa kusan ɗaya cikin 90, kuma yawancin watannin da ke kewaya su lulluɓe suke da ƙanƙarar da sanyi ya mayar da ita tamkar dutse. Sai ga shi yau biyu daga cikin watannin nan, Yuropa mai kewaya Jupita da Inseladus mai kewaya Zuhal, su ne a sahun gaba duk inda ake maganar neman rai. A ganina sun cancanci wannan matsayi, kuma hanyar da masana suka bi da su, ta auna sinadarai ɗaya bayan ɗaya kafin a buɗe baki a ambaci rai, ita ce hanyar da ta dace, duk da jinkirinta da ke gajiyar da mai sauraro.

Abin da za a fara tambaya shi ne inda zafi ke fitowa a wurin da rana ta gaza. Amsar tana cikin hanyar da watan ke bi. Yuropa yana gama kewaya Jupita cikin kwana uku da rabi, amma hanyar tasa ba da'ira ce cikakkiya ba: ya matso, ya ja baya, ya sake matsowa. Idan ya matso, ƙarfin jan Jupita ya miƙar da jikinsa. Idan ya ja baya, jikin ya koma yadda yake. Wannan matsa da saki, ba dare ba rana, shi ke sa dutse da ƙanƙarar da ke cikinsa su riƙa gugar juna, gugar kuma ta haifar da zafi. Da Yuropa shi kaɗai ne, da tuni hanyarsa ta daidaita zafin ya mutu, amma maƙwabtansa biyu, Ayo da Ganimid, ba su bari ba. Duk kewaye ɗaya da Ganimid ya yi, Yuropa ya yi biyu, Ayo ya yi huɗu, don haka suna haɗuwa a wurare guda a kai a kai suna fizgar juna. A 1979 Stanton Peale da abokan aikinsa biyu suka wallafa lissafin da ya nuna cewa wannan matsa ta isa ta narkar da cikin Ayo, kuma kwanaki kaɗan bayan haka kumbon Voyager 1 ya aiko da hotunan duwatsu masu aman wuta a kansa. Lissafin da ya faɗi abu kafin a gan shi ya cancanci a saurare shi. Irin wannan matsa ce Inseladus ke sha daga Zuhal a kewayensa na sa'o'i 33, inda wani wata mai suna Diyon ke hana hanyarsa daidaita.

Mai shakka zai ce gani ya kori ji, kuma babu wanda ya taɓa ganin ko ɗaya daga cikin tekunan nan da ido ko da kyamara. Gaskiyarsa. Sai dai hujjojin sun zo ta ƙofofi dabam-dabam waɗanda ba su dogara da juna ba, kuma nan ƙarfinsu yake. Kumbon Galiliyo, wanda ya kewaya Jupita daga 1995 zuwa 2003, yana ɗauke da na'urar auna maganaɗisu. Jupita tana da maganaɗisu mai ƙarfin gaske wanda ya ɗan karkace, saboda haka yayin da take juyawa, abin da ke isa Yuropa yana sauyawa kusan duk sa'o'i 11. Margaret Kivelson da tawagarta suka gano cewa Yuropa yana mayar da martani ga wannan sauyi da nasa maganaɗisun, abin da ba ya faruwa sai akwai wani abu mai ɗaukar lantarki shimfiɗe ƙarƙashin fatarsa ko'ina. Ƙanƙara ba ta ɗaukar lantarki sosai, haka ma dutse. Ruwan gishiri yana ɗauka. Ƙiyasin da aka yi ya ba ƙanƙarar kauri tsakanin kilomita 15 zuwa 25, tekun kuma zurfin kilomita 60 zuwa 150, wato ruwan da ya ninka na dukkan tekunan duniyarmu sau biyu, a jikin watan da bai kai namu girma ba. Ga Inseladus kuwa, a 2015 masana suka tattara hotunan shekaru da dama suka auna 'yar girgizar da yake yi a kewayensa. Girgizar ta yi yawa ga abin da ɓawonsa ke manne da cikinsa. Dole ɓawon ƙanƙarar ya zama yana yawo a kan ruwa ta kowane gefe.

Inseladus bai tsaya nan ba, domin shi tekunsa fesowa yake yi. Ƙaramin wata ne, faɗinsa kilomita 500 kacal, William Herschel ne ya gano shi a 1789, kuma kusan shekara 200 ba a san wani abu mai yawa game da shi ba sai farinsa. A 2005 kumbon Kasini ya ga tururin ruwa da ƙwayoyin ƙanƙara suna tashi daga ƙuryarsa ta kudu, ta cikin manyan tsagu huɗu, kowace tsawonta wajen kilomita 130. Sunayen wurare a kan wannan wata daga labaran Dare Dubu da Ɗaya ake ɗauko su, shi ya sa tsagun ke amsa sunayen Iskandariyya da Alƙahira da Bagadaza da Dimashƙa. Ruwan da ke fita ya kai ɗaruruwan kilo a kowace daƙiƙa. Wani ya faɗo ya rufe watan da sabuwar ƙanƙara, wani ya tsere ya zama ɗaya daga cikin zobban Zuhal. Kasini ya ratsa cikin feshin nan sau da dama yana ɗanɗana shi da na'urorinsa, kuma abin da aka karanta daga ɗanɗanon ya zo ne a hankali cikin shekaru kusan ashirin. A 2009 aka ga gishiri a ƙwayoyin ƙanƙarar, alamar ruwan ya daɗe yana wanke dutse. A 2015 aka ga ƙananan ƙwayoyin silika, sinadarin da ke cikin yashi, masu wani girma na musamman da gwaje-gwaje suka nuna ba sa samuwa sai inda ruwa mai zafin aƙalla digiri 90 ya ratsa dutse sannan ya haɗu da ruwan sanyi. Ruwa ba ya tsami banza: akwai maɓuɓɓugan zafi a ƙasan tekun. Ranar 28 ga Oktoba 2015 Kasini ya sauko har kilomita 49 daga saman watan, kuma sakamakon da aka bayyana a 2017 ya tabbatar da iskar haidurojin a cikin feshin, tare da iskar kabon da mitan.

Kafin a gane nauyin wannan haidurojin, sai an koma ƙasan tekunanmu. A 1977 ƙaramin jirgin nutso mai suna Alvin ya sauka zurfin mita 2,500 kusa da tsibiran Galafagos, inda hasken rana bai taɓa isa ba, ya tarar da tsutsotsi masu tsawo da wasu halittu cunkushe a bakin maɓuɓɓugan ruwan zafi. Tushen abincinsu ƙananan halittu ne da ke samun kuzari daga sinadaran da ke fitowa daga ƙasa. A shekara ta 2000 kuma aka gano wani wuri a tsakiyar Tekun Atlantika da aka raɗa wa suna Ɓataccen Birni, inda fararen ginshiƙai, wani har mita 60, suka taso daga ƙasan teku. Can ba aman wuta ke aiki ba. Ruwan teku ne ke shiga wani irin dutse mai ƙarfe a cikinsa, ƙarfen ya ƙwace oksijin daga ruwan, haidurojin ya fita shi kaɗai. Wasu ƙananan halittu, daga cikin mafi daɗewa a doron ƙasa, suna haɗa wannan haidurojin da iskar kabon su sami kuzari, su fitar da mitan. Danginsu na nan a cikin tumbin saniya da cikin laka. Ba su buƙatar haske, oksijin ma guba ce gare su. Abin da Kasini ya auna ya nuna cewa irin abincin da suke ci yana nan a tekun Inseladus, kuma da yawa.

Sai maganar kayan gini. Duk mai rai da muka sani, daga ƙwayar cuta har giwa, da manyan sinadarai shida aka gina shi: kabon, haidurojin, naitirojin, oksijin, fosfaras da farar wuta. Wanda aka fi jin tsoron rashinsa shi ne fosfaras, domin babu ƙwayar gado ba tare da shi ba, kuma a ruwayen duniyarmu ƙarancinsa ne yakan taƙaita yawan rai. Manomi ma saninsa ya yi a buhun takin zamani. Wasu lissafe-lissafe sun yi hasashen cewa tekunan da ke rufe da ƙanƙara za su yi ƙarancinsa. A watan Yunin 2023 Frank Postberg da abokan aikinsa suka bayyana cewa sun same shi a ƙwayoyin ƙanƙarar da Kasini ya kama, kuma yawansa a tekun ya ninka na tekunanmu aƙalla sau ɗari. Dalilin ya fito daga yanayin ruwan kansa. Tekun Inseladus ruwan kanwa ne. Sinadarin da ke ba kanwar da muke sa wa a girki ƙarfinta yana narke a cikinsa, kuma irin wannan ruwa ya fi iya narkar da fosfaras daga dutse ya riƙe shi. Kafin wannan, a 2018, an riga an ga ɓurɓushin manyan sinadarai masu ɗauke da kabon a feshin. Ruwa, kuzari, kayan gini: a wajen duniyarmu babu wurin da aka tabbatar da haɗuwar ukun nan da ma'auni kamar Inseladus.

Lamarin Yuropa ya sha bamban, kuma ya fi wuyar karantawa. Ya ninka Inseladus faɗi sau shida, fuskarsa cike da tsage-tsage masu launin tsatsa da wuraren da ƙanƙara ta farfashe ta sake daskarewa, kuma ramukan faɗuwar duwatsu kaɗan ne a kansa, abin da ke nuna fatar tasa sabuwa ce, ba ta wuce shekara miliyan 40 zuwa 90 ba. Jupita tana yi masa ruwan ƙwayoyin makamashi masu gudun tsiya, waɗanda za su kashe mutum cikin ɗan lokaci. Amma wannan barazana tana iya zama arziki, domin tana farfasa ƙanƙarar sama ta samar da oksijin da danginsa. Ma'aunin kumbon Juno da aka wallafa a 2024 ya ba da kimanin kilo 12 na oksijin a kowace daƙiƙa. Idan wannan oksijin yana gangarawa zuwa tekun, ya tarar da haidurojin da ke tasowa daga ƙasa, to an sami ɓangarori biyu da rai ke cin moriyar haɗuwarsu. Idan kuwa ƙanƙarar ta toshe hanya, ko dutsen ƙasan tekun ya daɗe da daina motsi kamar yadda wasu lissafe-lissafe ke nunawa, to Yuropa na iya zama babban ruwa marar abinci. Madubin hangen nesa na Hubble ya ga alamar gishirin girki a wani yanki mai suna Tara a 2019, na James Webb kuma ya ga iskar kabon a wannan yankin a 2023, abin da ke nuna akwai shige da fice tsakanin sama da ƙasa. Ko shigen ya isa, shi ne abin da ake zuwa aunawa.

Yanzu ga suka mafi nauyi, wadda bai kamata a yi mata amsar wucewa ba: wurin da zai iya ɗaukar rai dabam, wurin da rai ke ciki dabam. Sinadaran kabon ba shaidar rai ba ne. Ƙurar da aka kawo daga dutsen sararin samaniya mai suna Bennu a 2023 tana ɗauke da 14 daga cikin tubala 20 da masu rai ke gina furotin da su, alhali babu mai cewa wani abu ya taɓa rayuwa a Bennu. Haidurojin ɗin ma takobi ne mai kaifi biyu. A wurare da yawa a duniyarmu, ƙananan halittu cinye shi suke yi har ya yi ƙaranci, don haka yawansa a feshin na iya nufin abinci ne jibge babu mai ci. Mitan kuma dutse da ruwa suna iya samar da shi, ko ya zama ragowar wanda aka gina watan da shi tun farko. Ga batun lokaci: akwai masanan da ke ganin wasu watannin Zuhal ba su wuce shekara miliyan ɗari ko makamancin haka ba, wasu kuma sun ce sun kai biliyoyi. Duk wannan gaskiya ne, kuma shi ne ya sa nake goyon bayan jinkirin masana. An taɓa yin gaggawa an ga sakamakonta. A 1976 kumbunan Viking biyu suka sauka a Mars da gwaje-gwajen neman rai kai tsaye kafin a san sinadaran ƙasar, ɗaya daga cikin gwaje-gwajen ya ba da amsa mai kama da e, kuma aka shafe shekaru ana gardama a kai. A 1996 aka yi shelar alamun ƙananan halittu a wani dutsen Mars da aka tsinta a Antatika, har shugaban Amurka ya yi jawabi, daga baya aka nuna cewa sinadarai kaɗai na iya barin irin alamun. Wanda bai san abin da dutse da ruwa ke iya yi su kaɗai ba, ba zai gane aikin rai ba ko ya gan shi.

Akwai kuma abin da ya sa waɗannan tekuna suka fi Mars amfani ga babbar tambayar. Mars da duniyarmu maƙwabta ne, sun daɗe suna musayar duwatsu. An tsinci ɗaruruwan gutsattsarin Mars a doron ƙasa. Ko an sami rai a can, za a iya cewa ɗan'uwanmu ne da ya yi ƙaura. Inseladus yana nesa da rana fiye da kilomita biliyan 1.4, tekunsa kuma a rufe, don haka duk abin da aka samu a ciki zai fi yiwuwa farawarsa dabam ce. Duk abin da muka sani game da rai daga misali ɗaya muka san shi, kuma misali ɗaya ba ya nuna mene ne doka, mene ne kuma sa'a. Idan aka sami rai a can, za a gane cewa inda sharuɗɗan suka cika rai kan biyo baya, kuma tekunan da ke ƙarƙashin ƙanƙara suna da yawa: ana da hujjar su a Ganimid da Titan, a 2024 ma aka ƙara ƙaramin watan Mimas. Idan kuwa aka bincika da kyau aka tarar da teku mai ɗumi da abinci da kayan gini amma babu kowa, wannan ma babban ilimi ne, domin zai nuna cewa ukun nan ba su isa ba, sai a nemi abin da ya rage.

Mai karatu da ke sayen ruwan sha a jarka yana da haƙƙin tambayar dalilin kashe wajen dala biliyan biyar a kan kumbon Europa Clipper, wanda aka tura zuwa Yuropa, don duba ruwan da ba wanda zai sha. Ban ɗauki tambayar da wasa ba. Sai dai kuɗin na masu biyan harajin Amurka ne, an raba shi cikin shekaru kusan ashirin, kuma dukan kasafin hukumar NASA bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kasafin gwamnatin ƙasar ba. Soke aikin ba zai haƙa rijiya ko ɗaya a inda ake buƙata ba. Abin da ya fi shafar mu shi ne cewa bayanan da kumbunan nan ke aikowa ana zuba su a rumbun da kowa ke iya shiga ta intanet kyauta. Fosfaras ɗin nan an gano shi ne shekara shida bayan Kasini ya daina aiki, daga ma'aunan da ke ajiye. Ɗalibin kimiyyar sinadarai a Kano ko Yamai da ya iya lissafi yana da ƙofar shiga wannan fage ba tare da ya mallaki kumbo ba.

Masanan kansu sun nuna yadda suka ɗauki lamarin da muhimmanci. A Satumbar 2003 aka tura Galiliyo ya ƙone a cikin Jupita da gangan, ranar 15 ga Satumba 2017 kuma aka yi wa Kasini haka a Zuhal, don kada wata rana su faɗa kan waɗannan watanni da ƙwayoyin halittar duniyarmu a jikinsu su gurɓata abin da ake son bincika.

Europa Clipper ya tashi ranar 14 ga Oktoba 2024, zai isa Jupita a Afrilun 2030, ya gitta Yuropa sau 49, wani lokaci kilomita 25 kacal daga samansa, da na'urar da ke leƙa cikin ƙanƙara da masu ɗanɗana ƙura da iska. Kumbon Turai mai suna Juice, wanda ya tashi a Afrilun 2023, zai isa a 2031 ya ƙare a kewayen Ganimid. Babu ɗayansu da aka gina don gano rai, kuma hakan daidai ne, tunda sinadaran Yuropa ba su gama bayyana ba. Inseladus kuwa ya riga ya wuce wannan mataki. Kasini ya bar duniya a 1997, shekara takwas kafin a san da feshin, kuma yana ratsa shi da gudun kilomita da dama a daƙiƙa, gudun da ke farfasa manyan sinadarai kafin a karanta su. Kumbon da zai bi a hankali, ko ya sauka inda ƙanƙarar ke zubowa, zai iya yin gwajin da ke rarrabewa. Tubalan furotin suna zuwa a siffa biyu, ta dama da ta hagu. Dutse da ruwa kan samar da su kusan daidai, kamar yadda aka gani a ƙurar Bennu, amma masu rai a duniyarmu ta hagu suke zaɓa. Fifikon ɓangare ɗaya, tare da wasu tsare-tsare irinsa, shi ne shaidar da za ta yi wuyar musantawa. Kwamitin masanan Amurka a 2022 ya sanya aikin Inseladus a matsayi na biyu bayan na duniyar Yuranus, hukumar sararin samaniya ta Turai kuma a 2024 ta zaɓe shi a matsayin babban burinta na gaba, da tashi a shekarun 2040. Tafiyar kanta za ta ci shekaru masu yawa. Ga wurin da ke zubo tekunsa a fili ba tare da an haƙa ko taku ɗaya ba, ina ganin an sa shi jira fiye da yadda hujjojinsa suka cancanta.